Kunnuwan Karen Madam

Tun da na dawo daga ƙasar Ingilishi, can tsallaken iyaka, ƙawayena ba su bar ni na huta ba. Mu haɗu a bakin rijiya, tambaya. Mu haɗu wajen gaisuwar mutuwa, tambaya. Wai da gaske ne kullum tuwon shinkafa suke ci? Wai har jirgin ruwa na shiga? A lokacin nakan ce lafiya lau na je, lafiya lau na dawo, in ja bakina in yi shiru, don magana ɗaya tana iya kai mutum gaban kumandan, Baturen Faransa mai mulkin garinmu. Yanzu wancan kumandan ya tafi, wanda ya gaje shi ma ya tafi. To, ku gyara zama. Sau ɗaya zan faɗa, daga farko har ƙarshe, wadda ta sake tambayata bayan wannan kuwa sai dai ta ji a bakin wata.

Ni ce Tabawa mai kitso, ta Dogon Dutsi. Mijina ya rasu ya bar ni da ɗa guda, namiji, ya isa aure. Ba za ku ji sunansa a bakina ba, don ɗan fari ne. Haka muka taso: uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta zama kusa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane.

Matar kumandan, wadda kowa ke kira Madam, tana da wani ɗan kwikwiyo irin na ƙasashen Turawa, suna ce masa Biju. Ja-ja ne, gashinsa laushi kamar gemun masara, ga kunnuwa fal-fal har ƙasa, in yana gudu sai ya taka su ya faɗi. Gashin nan kullum sai an taje shi, in ba haka ba ya dunƙule. Masu aikin gidan sun gwada, suna fizga, kare yana ihu, Madam tana ihu. Wata rana ina yi wa matar Sule kuku kitso a bayan kicin, Madam ta tsaya tana kallon hannuna, ta sa aka tambaye ni ko zan riƙa taje mata kare. Na ce a gaya mata kan mutane nake taɓawa.

Ba a jima ba aka zo ɗibar mazaje aikin tilas, na hanyar mota da ake yi ta wajen Dosso. Aka haɗa da yaron wajena. Yana da tari tun damina, na faɗa wa mai gari, mai gari ya ce shi adadi aka ce ya cika, ba a ce ya duba ƙirjin kowa ba. Washegari da ƙafata na koma bariki na ce wa Sule a ba ni mashacin taje karen.

Aikin bai bambanta da tsifa ba, sai dai mai kan ba ya gulma. Kowace safiya in shimfiɗa buhu a inuwa, in ɗora shi a cinya. Ba a farawa daga gindin gashi. Daga baki ake farawa, a riƙe gindin da yatsu don kada ya ji zafi, a bi da mashacin ƙarfe a hankali har a kai fata. Inda ya dunƙule, bayan kunne da hammata, da yatsa nake warwarewa tukuna. Sai in duba tsakanin yatsun ƙafa saboda kaska. Kunnuwan su ne babban aiki: a ɗaga kowanne, a share cikinsa da auduga, a bar shi ya sha iska, don in danshi ya zauna a ciki wari yake yi. In zai ci abinci in tattara su a bisa kansa in ɗaure da ƙyalle don kada su faɗa kwano. Sule ya ce bai taɓa ganin kare da kallabi ba. Matan malamai kuwa suka daina kawo mini kansu, wai hannuna ya ƙazantu. Ban ga laifinsu ba, amma abin ya yi mini ciwo.

Da kaka ta shigo zazzaɓi ya kayar da Madam, likita ya ce ta koma ƙasarsu. Tafiyar doguwa ce, kwikwiyo ba zai jure ba. To, akwai matar wani Baturen Ingilishi a Birnin Kebbi da ta taɓa zuwa baƙunci ta yaba karen, sai Madam ta ce a kai mata shi, kuma ni zan kai, tunda ni kaɗai yake yarda in taɓa shi da mashaci. Nan na ga ƙofa ta buɗe. Na durƙusa na sa Sule ya faɗa mata maganar yarona. Ta ɗaga kunnuwan nan biyu a tafin hannunta, ta sumbace su. Sannan ta yi magana, Sule ya juya mini.

"Ta ce in Biju ya isa kamar yadda ya bar nan, za ta yi ma maigidanta magana kahin ta tahi. A sako miki ɗanki."

Aka haɗa ni da wani gardi, wato ɗan sandan kumandan mai jar hula, Bazabarme, sunansa Hamani. Shi a kan doki da bindiga, ni a kan jaki, kare a cikin kwando an yi masa rumfa da farin ƙyalle. Madam ta ba da gwangwanayen madara, da sabulu mai ƙamshi, da mashaci da almakashi. Hamani bai san sunana ba, bai kuma nemi ya sani ba. "Ke mai kitso" ya riƙa ce mini.

Ba mu kai Kore Mairuwa ba muka iske masu aikin hanya. Jeri guda, kowa da kwandon tsakuwa a ka, jiki ja wur da ƙasa, ba ka gane wane daga wane. Tarin na fara ganewa. Sai wani daga cikinsu ya ɗaga murya ya kira sunan yaron wajena.

"Kai! Ga innarka nan bisa jaki!"

Ya tsaya da kwandonsa a ka. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo.

"Inna, kin tashi lahiya?"

"Lahiya," na ce, ina kallon kunnen jaki.

Shi ke nan abin da muka ce. Mai tsaronsu ya daka tsawa, jeri ya motsa. Na wuce da kare a inuwa, ɗana a rana, kowannenmu da kwandonsa. Ban waiwaya ba, amma har muka shiga gari ban ga hanya sosai ba don hawaye.

A Kore Mairuwa gidan mai gari aka sauke mu, don jar hular Hamani. Uwargidan mutumiyar kirki ce, ta kawo mini tuwon gero da miyar kuka, amma da na roƙi ƙwarya in ba kare ruwa, sai ta tsaya tana jujjuya ido. Ta kawo wata tsohuwa mai ɗinki, kare na gama sha ta sa ƙafa ta fasa ta a gabana, tana ba ni haƙuri. Da na buɗe kaya in haɗa masa madara, sai na ga gwangwanayen duk an huda su. Hamani ya ce zafi ne ya shanye su. Gashin bakinsa kuwa fari fat. Sai wajen wata Bafulatana na samo nono. Ta tsaya ta ga na ɗaura wa kare kallabi, ta yi dariya har ta sauke ƙwaryarta ƙasa, ta ce in ya isa aure in sanar da ita, tana da tunkiya budurwa.

Masifar ta fara tsakanin nan da Tibiri. An gama girbi, gonaki sun bushe, ƙarangiya ta nuna ko'ina. Wasu fakaru suka tashi daga gefen hanya, fir! Ashe irin karen nan na farautar tsuntsu ne, ba wanda ya gaya mini. Kafin in ankara ya yi tsalle daga kwando ya faɗa ciyawa. Na bi shi ina kira, zanena yana kwasar ƙaya, Hamani yana bisa doki yana zagi da Zabarmanci. Da na kamo shi ba ka ce Biju ba ne. Ƙarangiya ta kama shi tun daga hanci har wutsiya, kunnuwan sun zama dunƙule biyu masu tauri kamar curin daddawa.

Muka zauna gindin gawo. Na shafa masa man shanu don ƙayar ta saki, na riƙa cire ta ɗaya-ɗaya, yatsuna suna jini, yana kuka yana lasar hannuna. Almakashi na nan, amma ban taɓa shi ba, don an ce ya isa kamar yadda ya bar gida. Har rana ta karkata ina abu ɗaya. Na fitar da gashin tsaf, sai dai wata ƙaya ta shige can cikin kunnen hagu inda yatsa ba ya kaiwa. Ya riƙa kaɗa kai yana susa, ƙuda suka fara binsa.

A Tibiri gidan kawuna muka sauka, Kawu Anza, wan mahaifiyata. Maharbi ne, duk yankin an san shi, kuma ba wanda ya kai shi sanin kare. Karnukansa sirara ne masu guntayen kunnuwa a tsaye. Ya tarbe ni da murna, ya sa aka dama fura da nono mai yawa, aka dafa naman zomo. Sannan ya tsuguna gaban kwando.

"Ɗiyata, wanga abu kare na ko tunkiya?"

"Kare na, Kawu. Na Nasara."

Ya ɗauke shi, ya buɗe bakinsa, ya matsa ƙafafunsa, ya shinshina kunnen.

"Ƙahwa mai kyau. Hanci mai kyau. Amma wa ab bar mishi wagga kaya har ya girma hakanga? Mai shi ba ya son shi."

Na gaji liƙis, yatsuna suna zugi. Na ce, "Kai dai bari, Kawu. Kunnuwan ga su za su kashe ni." Ban yi masa maganar yarona ba. Yaya zan zauna gaban kawuna in buɗe baki in ce ina wahala don ɗan fari? Abin kunya ne, ko shi ma ba zai so ya ji ba.

Da safe na taje Biju, na ɗaure shi a inuwar rumbu. Hamani ya tafi neman harawar doki. Matar Kawu ta riƙe ni, ta ce ba zan bar Tibiri ba sai na yi mata kitso irin na matan Dutsi. Muka shiga gidan maƙwabta inda akwai inuwar ɗurumi. Na kai rabin kai sai na ji ƙara guda, siririya, sannan wata. Na ce a raina karnukan gida ne suke tsokanarsa, amma hannuna ya ƙi ci gaba. Na bar mata kai a tsefe na fito.

Biju yana zaune inda na bar shi, yana rawar jiki. An shafa masa toka a gefen kai biyu. Kunnuwan babu, sai 'yan guntaye a tsaye irin na karnukanmu. A kan wata sakaina kuwa ga su nan a jere, da gashinsu da na taje da safen nan. Kawu yana wanke aska, fuskarsa fal da fara'a.

"Na hutar da ke, ɗiyata. Har ƙayar na hidda, ga ta. Ko sarki ya aiko da kare nai sai ya jira ni, ke ko ban bari kin roƙa ba."

Ku da kuke mutanen gari ba lallai ku sani ba. A wurin maharba, kwikwiyon da ake so shi ake yanke wa kunne tun yana ƙarami, don kada ƙaya ta yage shi, kada ƙuda su cinye shi, kada naman daji ya sami abin kamawa. Wanda aka bari da kunnensa, karen banza ne da ba mai shi. Kawu karramawa ya yi mini, mafi girma da ya iya.

Na zauna a ƙasa. Kunyar ma ta gudu.

"Kawu, ɗana ka yanka."

Na faɗa masa komai, da tarin, da kwandon tsakuwa, da alkawarin Madam. Tsohon nan ya tsaya da aska a hannu, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Can ya ce, "Don mi ba ki hwaɗi ba?"

Hamani ya dawo ya gani, ya cire jar hularsa ya buga da ƙasa. Ya ce a kira baduku ya ɗinke su. Da gaske yake, har aka kira. Baduku ya zo da basillarsa, ya duba kare, ya duba sakaina, ya ce shi fatar da ta mutu yake ɗinkawa a jikin wadda ta mutu, ya koma. Hamani ya ce to a jefa karen a daji a ce kura ta ɗauke. Na ce sai dai ya haɗa da ni. Daga ƙarshe muka tsaya a kan wata shawara da ta yi mana kama da hankali a ranar: kare na Faransawa ne, matar nan kuwa Baturiyar Ingilishi ce, sau ɗaya ta gan shi yana jariri. Wataƙila ta manta. Wataƙila a wurinsu ma haka ake yi. Na naɗe kunnuwan a cikin ɗan kallabinsa na ƙulle a bakin zane, don kada a ce mun yar da kayan mutane.

Kawu ya raka mu da kansa. Bai bi da mu ta hanyar fatake ba, sai ta wata 'yar siririya a cikin sabara, wadda ya ce ba gardin da ya san ta. Kuna ta tambayata yadda iyaka take, ko bango ne, ko ƙofa. Wani guntun ƙarfe ne a kafe a tsakiyar gonar wake, an ɗaure akuya a jikinsa. Mai gonar ya ce da safe yana noma a ƙasar Faranshi, da yamma a ta Ingilishi, kuma duk biyun ba su taɓa taya shi ko kunya ɗaya ba. A nan Kawu ya tsaya.

"In da abin da hannuna ka iya gyarawa, ɗiyata, ki aiko," ya ce, ya juya bai jira godiya ba.

A Kangiwa, garin farko na wancan gefe, dogaran hakimi suka karɓe bindigar Hamani da jar hularsa, suka ce sai ya dawo. Ban taɓa ganin mutum ya ragu haka ba. Ashe kansa ƙarami ne, har da sanƙo. Daga ranar ya fara ce mini Inna.

Hausarmu ɗaya da mutanen can, tsagar fuskar wasu ma irin tamu ce, amma suna ce mana 'yan Faranshi. Malamai sun fi yawa, kuma macen da ke rungume da kare abin kallo ce. Gidan da aka fara kai mu suka ce zaurensu wurin salla ne. Ina tsaye a kasuwa ban san inda zan nufa ba, sai wata mata ta kama hannuna ta kira sunana. Tumba ce, 'yar unguwarmu, wadda aka wayi gari wata shekara aka ga gidansu ba kowa. Ta kai ni bayan gari. Unguwa guda cur, duk mutanen ƙasarmu ne da suka gudo daga aikin tilas. Na ga mijinta ya yi ƙiba. Na tambaya ko nan ba a ɗibar mutane. Ya ce ana ɗiba, Nasara ai Nasara ne, amma ana sako mutum tun yana iya tafiya da ƙafarsa. Suka yi ta tambayata labarin gida, wa ya mutu, wa ya haihu, ko kukar bakin kasuwa tana nan. Tumba ta yi kuka da na ce mata uwarta ta makance. Ba mai iya komawa a cikinsu, ko gaisuwar mutuwa.

Daga nan ƙasa ta sauya, muka gangara fadama. Tuwon shinkafa gaskiya ne, na ci, da kifi, amma bai riƙe ciki kamar na gero ba. Sauro kuwa ko da rana ba ya hutawa. Kullum da safe ina wanke wa Biju gyambon da ruwan gishiri in taje sauran jikinsa, ina gaya wa kaina in gashin ya yi sheƙi ƙila ido ya tsaya a nan. Abin haushi, karen ya warware. Ya daina kaɗa kai, ƙuda sun rabu da shi, yana cin abinci ba kallabi. A bakin gulbi mai jirgi ya ce ba ya ɗaukar kare, sai da na goya shi a baya na rufe da mayafi kamar jariri. Jirgin itace guda ne da aka fafe, ruwa na taɓa bakinsa. Hamani ya rufe ido yana ta salati har muka tsallake.

Gidan Baturen yana kan tudu a Birnin Kebbi. Ga wani abin da ya bambanta su da namu: Turawan can suna jin Hausa, ba sai da tafinta ba. Matar ta fito da sauri tana murmushi, doguwa ce mai jan gashi. Na hango a baranda ta ajiye ɗan kwando da matashi a ciki, da kwanon ruwa. Na sauke Biju, na taje shi tun asuba, yana ƙamshin sabulu. Ya ruga wajenta yana kaɗa wutsiya. Ta sunkuya, ta miƙa hannu biyu gefen kansa, daidai inda Madam take kamawa. Hannun ya tsaya a iska.

"Wa ya yi wannan?"

Daga baya kukunta ya gaya mini asalin irin karen nan daga ƙasar Baturiyar yake, da su ta girma a gidan ubanta. Mu kuwa muna can muna cewa ƙila ba ta sani ba.

Na durƙusa na faɗa mata gaskiya. Don ta san ba mugunta ba ce, na kwance bakin zanena na buɗe kallabin, na ce ga su nan, ba mu yar ba. Sun bushe, sun nannaɗe. Ta toshe baki ta juya baya. Da ta iya magana ta ce ba za ta iya kallonsa kullum ba, mu mayar da shi. Na ce mata akwai ran mutum a cikin maganar nan, na faɗi ta yarona. Ta saurara har ƙarshe, ba zan yi mata ƙarya ba, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Ki yi haƙuri. Wannan maganar Faransawa ce, mijina ba shi da iko a can." Ta sa aka ba mu burodi da wani magani a kwalba na shafa wa kare. A dawowa, tsakiyar gulbi, na saki kallabin da abin da ke cikinsa a ruwa.

Komowa ba ta da labari. Mun iske Madam a baranda, ta rame, akwatuna kewaye da ita. Biju ya gan ta ya yi tsalle. Ta dube shi, ta dube ni, ta faɗi wasu kalmomi kaɗan a hankali, ta shige ɗaki. Na ce wa Sule me ta ce. Ya ce, "Tabawa, tahi gida." Ba a daɗe ba mota ta ɗauke ta. Ba ta yi wa kowa maganar yarona ba. Hamani aka tura shi can arewa cikin rairayi, ban sake jin labarinsa ba. Karen ya biyo ni gida, ba wanda ya zo nemansa, ba wanda ya tambayi mashaci.

Na kwana biyu ina juyi. Sannan na dama fura, na ɗauki mashacin, na kama hanyar Kore Mairuwa da ƙafa, kare na bina. Na iske su suna hutun tsakar rana a gindin itace. Tarin ya ƙaru, har yana dafe ƙirji. Na ba mai tsaronsu fura ya sha, na ce na zo in cire wa yarona kwarkwata. Ya yi dariya ya ce in yi.

Na zauna a kan tushe, na ce masa ya zo ya zauna a gabana. Ya dube ni kamar na haukace. Mazajen nan duk suka zuba mana ido, don kowa ya san ɗan farina ne. Rabona da taɓa kansa tun ranar da kakarsa ta ɗauke shi yaye. Ya zo ya zauna tsakanin gwiwoyina. Gashin ya dunƙule da jar ƙasa. Na fara daga baki, na riƙe gindin da yatsu don kada ya ji zafi. Na sunkuya kamar mai neman kwarkwata, na riƙa zuba masa hanya a kunne. Kada ya shiga Kore Mairuwa, ya kewaye ta gabas. Ya bi gonaki har Tibiri, ya tambayi gidan Anza maharbi, ya ce ɗiyarsa ta aiko a gyara. Akwai guntun ƙarfe a gonar wake. Bayan Kangiwa ya nemi Tumba.

"Kada ka biyo ta gida," na ce. "Ko ka ji na mutu, kada ka zo."

"Inna, ke hwa?"

"Ni ina da kare."

Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Na ja aikin yadda zan iya, na taje inda na riga na taje, har mai tsaro ya ce lokaci ya yi.

Bayan 'yan kwanaki aka zo aka ce ya gudu. An kai ni bariki, an zaunar da ni a rana tun safe har la'asar ana tambayata, na ce ni mai kitso ce, ban san hanya ba. Daga baya wani mai jaki ya kawo mini busasshiyar cinyar barewa daga Tibiri, ya ce Kawu bai ba shi saƙon baki ba. Na gane yarona ya isa wurinsa, ya tsallaka. Wani falken goro kuma ya taɓa ce mini ya gan shi a kasuwar Jega yana dako, wai tarin ya tafi, wai har ya yi aure. Ban sani ba ko gaskiya ne ko tausayina ya ji. Ni dai ban sake sa shi a ido ba.

To, kun ji abin da na gano a ƙasar Ingilishi. Biju ga shi nan kwance, ya tsufa, bai taɓa ciwon kunne ba tun daga ranar. Har yanzu kowace safiya nakan shimfiɗa buhu in ɗora shi a cinya, kuma har yanzu hannuna yakan tafi neman kunnuwan ya dawo ba komai. In ba kowa a gidan, nakan sunkuya daidai ɗan guntun da Kawu ya bari, in faɗi sunan nan da ban taɓa kira ba. Sai karen ya ɗaga kai ya dubi ƙofa. Ni ma in duba.